Raga Kafin Feshi: Jawabi Ga Manoman Tumatir Na Dakko

Mun san kun baro aikin rani kun zo, don haka ba za mu tsawaita ba.

Yawancinmu muna tuna shekarar 2016, lokacin da tsutsar da ake kira sharon ta cinye tumatir a Kano, Katsina, Jigawa da Kaduna. Har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin kaya. Uwar tsutsar wata 'yar ƙwaro ce mai tashi da dare, guda ɗaya kan zuba ƙwai sama da 200. Tsutsar takan shige cikin ganye ta ɓuya, shi ya sa feshi ba ya kai mata sosai, kuɗin magani kuwa ya tafi. Ga kuma farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye.

Manyan manoma suna kewaye rumfar tumatir da raga mai ƙananan ido don ƙwaro ya rasa hanyar shiga. Mu da ke noma da ruwan Bakolori, daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, ba kowa ke da kuɗin babbar rumfa ba. Amma mutum biyar za su iya haɗa hannu su rufe wurin renon iri, inda shuka ke yin mako uku zuwa huɗu kafin dashe. A nan ne ta fi rauni.

Ku riƙe abubuwa huɗu:

1. Gidan sauro ba zai yi ba. Idonsa ya yi wa farin ƙuda faɗi, kuma na yaranmu ne.
2. A binne bakin ragar cikin ƙasa ta kowane gefe, a ɗinke duk inda ta yage a ranar.
3. A yi ƙofa biyu. A rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki.
4. Raga tana rage iska, saboda haka a ɗaga rufin sama don kada zafi ya dafa shukar.

Kada mu manta, in muka shigar da shuka mai ƙwai, mun kulle ɓarawo cikin rumbu ke nan. A duba bayan ganye kowace safiya, a ƙone karan tumatir bayan girbi.

Rigakafi ya fi magani. Ƙungiyar da ke so ta gwada a bana, ta ba da sunayenta bayan taro.