Shin Zan So Ɗana Ya Gaji Aikina?



Da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, sai na tambaye shi a kan me zan yi magana. Ya ce, "A kan aikinka, domin shekara talatin ke nan muna jin ana ce maka manajan aiki, amma babu wanda ya san abin da kake yi." Ban ji haushi ba, saboda mahaifiyata ma, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya in an tambaye ta sana'ata sai ta ce, "Yana wajen masu kwangila." To ga shi bana autana ya gama sakandare, ya ce shi wannan fanni zai karanta a jami'a. Uwarsa ta ce likita take so. Ni kuwa da aka juyo gare ni, sai na kasa cewa komai. Wannan shirun nawa shi ne na kawo muku yau.

Bari in fara da bayyana aikin. Duk abin da yake da ranar farawa da ranar gamawa da kuɗin da aka ware masa, ko asibiti ne ko hanya ko madatsar ruwa ko rigakafin yara, yana bukatar mutum guda da zai riƙe ragamarsa. Injiniya ya san ƙarfin rodi, magini ya san jera bulo, akanta ya san lissafin kuɗi, amma wani ne zai san ranar da siminti zai iso, da wanda zai jira wani, da abin da za a yi in damina ta faɗi kafin a rufa kwano. Wannan mutum shi ne manajan aiki. Kankare sai ya yi kwana 28 kafin a ce ya kai ƙarfin da aka auna masa, kuma ba ya sauraren gwamna ko kwamishina. Aikina shi ne in san wannan tun ranar farko, in tsara sauran ayyuka a kansa, in kuma faɗa wa mai kuɗi ko yana so ko ba ya so.

Malaminmu na lissafi yana zaune a nan gaba. Malam, ka gafarce ni, ni ne nake barci a bayan aji, amma lissafinka ya ciyar da ni. A Amurka, wani injiniya mai suna Henry Gantt ya fito da jadawalin zane tun wajen 1910, wanda yake nuna kowane aiki da tsawon lokacinsa. A 1957 kamfanin DuPont ya ɓullo da dabarar gano jerin ayyukan da in ɗaya daga cikinsu ya makara da kwana guda, to duk aikin ya makara da kwana guda. A 1969 aka kafa cibiyar masu wannan sana'a, wato PMI, kuma a 1984 ta fara ba da takardar shaidar ƙwarewa. A nan gida, jami'o'in fasaha na tarayya da ke Minna da Owerri da Akure suna koyar da fannin. Saboda haka ilmi ne mai tushe, kada wani ya ɗauka sunan ado ne da aka raɗa wa ɗan kwangila.

Ƙasarmu kuwa tana ƙishirwar wannan ilmi. Waɗanda suka fito daga Kano sun san madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka fara a 1971 zamanin Gwamna Audu Bako aka gama a 1974, ga shi har yau manoman Kadawa da Kura suna cin gajiyarta. Ku kwatanta ta da masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta. An ƙulla kwangilarta da Tarayyar Sobiyet a 1979, an zuba dukiya mai ɗimbin yawa, amma ba a taɓa kunna babban tanderun narka tama ba. A 2011, kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa a ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Kada kuma mu ce mu kaɗai ne. Shahararren gidan wasannin nan na birnin Sidni a Ostireliya, an yi kirdadon dalar ƙasar miliyan 7, ya ci miliyan 102, kuma sai da ya shekara 14. Bambancin dai su sun gama nasu.

To idan haka ne, me ya sa na yi shiru da aka tambaye ni? Zan ba ku labari.

Wata shekara ina kula da ginin wasu ajujuwa a wani ƙauye. Ba zan faɗi jiha ko ma'aikata ba. Gini ya kai linta, babu rufi, babu ƙofa, babu daɓe. Ƙarshen shekara ya matso, ana so a fitar da kuɗi kafin a rufe asusu. Sai wani babba ya kira ni ofishinsa, ya sa aka kawo mini lemo, ya tura mini takardar shaidar kammala aiki, ya ce in sa hannu, ai ɗan kwangila mutumin kirki ne, zai ƙarasa. Wallahi na daɗe ina kallon takardar nan. Matata tana da tsohon ciki, kuɗin haya ya ƙare, na kuma san abin da ƙin sa hannu zai jawo. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako uku a rufa kwano, in sa hannu da kaina." Ya ce in tashi in ba shi wuri. Kafin wata ya ƙare an mayar da ni wani ofis inda babu aiki sai karanta jarida, na zauna can shekara biyu. Wani ya sa hannun. Na bi ta ƙauyen bayan shekara shida, na tarar da awaki suna kwana a cikin ginin, yara kuwa suna karatu a gindin dalbejiya.

Ban ba ku wannan labari don ku ce mini jarumi ba. Akwai wata takarda da na taɓa sa wa hannu alhali zuciyata ba ta kwanta ba, kuma har yau in na tuna sai barci ya gagare ni. Abin da nake so ku gane shi ne, a wannan sana'a matsi yana zuwa ne daga sama da ƙasa lokaci guda. Leburori suna binka kuɗin mako, mai kawo yashi ya tare ƙofa, ma'aikata ba ta biya ba wata takwas, farashin siminti ya ninka, ga iyalinka a wani gari kana ganinsu sau ɗaya a wata. In aiki ya yi kyau, sunan wanda ya yanke ƙyalle ake rubutawa a allo. In ya lalace, kai ake nema. Wane uba ne zai tura ɗansa cikin wannan da hannunsa ba tare da ya yi tunani ba?

Daga baya na zaunar da yaron. Na ce masa ban hana shi ba, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ya fara riƙe sana'a guda sosai, ko injiniya ko ƙididdigar kayan gini ko kwamfuta, sannan ya ɗora wannan a kai. Na ga matasa da yawa sun zo wurin aiki da takardar digiri, birkila ya yi musu wayo cikin minti biyar saboda ba su san kwaɓin siminti mai kyau daga marar kyau ba. Kuma wanda yake da sana'a a hannu, ranar da aka tura masa irin waccan takarda, yana da inda zai koma in ya ƙi. Na biyu, kafin ya cike fam na jami'a, ya bi ni wurin aiki wata uku, ya ɗauki kwanon kankare, ya ci garau-garau tare da leburori, ya ga yadda ake tsayawa a gaban mutum hamsin ranar Juma'a a ce musu kuɗi bai zo ba.

Yanzu sati biyar ke nan da ya fara. Ya yi baƙi, hannunsa ya yi kanta, uwarsa ba ta yi mini magana sosai. Shekaranjiya da dare na same shi ya zana jadawali a bayan kwalin tayil, yana lissafin ranar da za a cire katakon dakin. Ya yi kuskuren kwana huɗu. Ban gyara masa ba tukuna.

Shugaba, kafin in zauna, na zaga ɗakin kwananmu na da safiyar yau. Wannan ne taro na uku da muke tara kuɗin gyaran rufinsa, kuma har yanzu ana hango sama daga kan gado. Ina roƙon a ba ni takardun kafin mu watse, ni da yaron za mu zo mu auna ranar Asabar.