Jawabi Kan Asalin Rai Da Ƙwarin Rumbu



Daga nan Achilafiya har Roni da Gwiwa, sau da yawa akan ji manomi ya ce gero ne da kansa yake haifar ƙwaro in ya daɗe a rumbu, nama kuma shi ke haifar tsutsa. Ba haka abin yake ba. Tun cikin 1668 wani likita na Italiya, Francesco Redi, ya rufe nama da ƙyalle don kada ƙuda ya sauka, tsutsa kuwa ba ta fito a jikinsa ba.

To, in mai rai daga mai rai yake fitowa, na farkon fa? Halitta ta Allah ce, masana sababi kaɗai suke bincike. Sun ƙiyasta shekarun duniya kamar miliyan 4,500, sun kuma sami alamun ƙananan halittu cikin duwatsun Ostareliya masu shekara wajen miliyan 3,500. A wancan zamani babu iskar da muke shaƙa, sai teku da aman wuta da tsawa.

Cikin 1953 wani ɗalibi a Jami'ar Chicago ta Amurka, Stanley Miller, ya bayyana gwajinsa. Ya rufe ruwa cikin kwalba tare da iska iri uku, watau haidurojin, da mitan mai tashi daga ruɓaɓɓen taki, da amoniya mai warin fitsari. Ya yi ta tafasa ruwan yana sakar wa iskar tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Bayan mako guda ruwan ya rine, aka sami amino asid a ciki, watau tubalan da ake gina tsokar jiki da su. Lalle a lura, tubali ya samu, bai gina ɗaki ba. Har yau ba wanda ya haɗa mai rai a kwalba.

Abin da ya auku a tekun farko cikin miliyoyin shekaru ba ya aukuwa a rumbu cikin rani guda. Ƙwaron hatsi daga ƙwai yake, ko ya biyo dami daga gona, ko ya kwana cikin tsagar bango tun bara. Saboda haka ana roƙonku ku sanar da dagatai da masu unguwanni: kafin a zuba sabon hatsi, a share rumbu, a ƙone tsohon ɓuntu, a yaɓe tsaga, a kuma bar dami ya bushe sarai.