Kwalliya da Neman Abin Yi: Jawabi ga 'Yan Matan Rano da Kibiya

An ɗora mana nauyin mu yi magana a kan abubuwa biyu, watau kwalliya da neman abin yi. Mu ba likitoci ba ne, ɗalibai ne da muka riga ku shiga jami'a da 'yan shekaru kaɗan, amma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Da farko dai ba mu zo mu raba ku da ado ba. Akwai masu ganin cewa yarinyar da ta sa karatu gaba dole ta zama ƙazama, wadda kuma ta iya ɗaurin ɗankwali ba ta da kai. Wannan zance ba shi da tushe. Kakanninmu na Rano, garin da ke cikin Hausa Bakwai tun kafin a san madubin kanti, sun san lalle da man kaɗanya da sabulun salo da kitso iri iri, kuma adon bai hana su saƙa da kaɗi da kiwo ba. Abin da muke tsoro shi ne gaggawa, domin ita ce ke cin fuskar yarinya, ita ce kuma ke cin takardarta.

Ku dubi man bilicin. A watan Fabrairu na 2023, a nan birnin Kano, shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana shafe-shafen sauya launin fata a matsayin babbar barazana ga lafiyar jama'ar ƙasa, ta kuma kawo ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya mai cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da irin waɗannan mayuka. Mene ne a cikin kwalbar? Galibi ɗaya daga cikin abubuwa uku ne, ko kuwa duka ukun a cakuɗe. Na farko shi ne haidurokwinon, wanda ke hana fata yin sinadarin da ke ba ta duhu, alhali kuwa wannan duhun shi ne laimar da Allah Ya ba mu don zafin rana. In an daɗe ana shafa shi, sai kunci da goshi su yi wani baƙi-baƙi mai wuyar fita, wanda ya fi na asali muni nesa ba kusa ba. Na biyu magungunan sitiroyid ne irin su clobetasol, waɗanda likita ke rubutawa don ciwon fata na 'yan kwanaki. Sa'ad da aka mai da su man shafawa na kullum, sai fata ta yi sirara har a riƙa ganin jijiyoyi, nankarwa ta fito, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. Ku tuna da wannan ranar da za a yi wa mace aiki wajen haihuwa, a zo ɗinki. Maganin yana kuma ratsa fata ya shiga jini, yana iya tayar da hawan jini da ciwon sukari. Na uku shi ne zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma kai wa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Saboda irin wannan ɓarna ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 1913 da ɗari a kai, watau 2013, Nijeriya kuwa tana cikinta.

Mafi haɗari shi ne wanda ake kira haɗi, wanda ake ɗura wa a roba ba suna ba lamba, a ce cikin kwana bakwai za ki ga canji. Lalle za ki gani. Gaɓoɓin yatsu kuwa ba sa yin ƙarya, su ne ke tona asiri a wurin biki. Abin da ya fi ba mu takaici shi ne uwar da ke shafa wa jaririyarta, wai don kada dangin miji su ce ta haifi baƙa. Wadda ta riga ta fara, kada kunya ta hana ta zuwa asibiti, domin barin sitiroyid farat ɗaya yakan sa fata ta yi bore, likita ne zai nuna mata yadda za ta janye sannu a hankali.

Kada kuma mu ɗauka duk abin da aka gada lafiyayye ne. Kwallin dutse mai ƙyalli ɗin nan, yawancinsa dalma ce. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka bincika sai aka tarar daga tozalin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Haka nan baƙin lalle mai kamawa cikin 'yan mintoci: sau da yawa rinin gashi ne ake zuba masa, yakan sa fata ta kumbura ta yi ƙuna. Jan lallenmu na ganye yana son a kwana da shi, amma ba kasafai yake tashin mutum da bororo ba. Kitson da aka ja har idanu suka ɗage shi ke cinye gashin goshi. Abin da ya rage ba shi da tsada: wanka, man kaɗanya lokacin hunturu, isasshen barci, ruwan sha, zogale da wake a cikin kwano, da inuwa in rana ta take.

To, ita ma takarda tana da nata bilicin. Akwai cibiyoyin jarrabawa da ake kai yara a rubuta musu amsa a allo, akwai kuma masu karɓar kuɗi da alkawarin takardar ɗaukar aiki. Yarinya ta fito da kiredit tara, a ba ta takarda ta rubuta wasiƙar neman aiki, alƙalami ya tsaya. Mun ga irinsu a ajin farko na jami'a, ba sa kai wa na biyu. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.

Hanyar gaskiya a fili take, sai dai tana da tsawo. Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Turanci da Lissafi a ciki. Mai son aikin jinya ko ungozoma sai ta haɗa da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, saboda haka tun daga aji huɗu ake yanke shawara, ba ranar cika fom ba. Akwai makarantar jinya a Madobi, akwai ta fasahar kiwon lafiya a Bebeji, duk ba su yi mana nisa ba. Mai son koyarwa, takardar NCE ce mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi. Ga Jami'ar Bayero, ga ta Wudil. Ruwan madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako yana shayar da gonakin Kadawa da Bunkure, matan da ke turara shinkafa da busar da tumatir kuwa sun fi sakin jiki da malamar gona mace, in da za a same ta.

Dalilin da ya sa muka fi nauyaya aikin lafiya shi ne abin da kowa a ɗakin nan ya sani. A ƙauyukan Kibiya da Rurum akwai magidancin da ba zai bar namiji ya duba matarsa ba, akwai matar da ita kanta ba za ta yarda ba. In babu ma'aikaciya mace a asibitin, sai a zauna gida ana jiƙe-jiƙe har jini ya ƙare. Baƙuwar da aka turo daga birni takan nemi canji kafin shekara ta zagayo. 'Yar gari ce ke zama, domin nan ne gidan ubanta. Kuma kada ku ce abin ya fi ƙarfin 'yar Kano. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken da aka buga a 2023, wanda aka gudanar a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa auna jinin da mai haihuwa ta zubar da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna gaba ɗaya ba tare da jinkiri ba, yana rage mummunan zubar jini da kashi 60 cikin ɗari. Hannun da zai shimfiɗa wannan leda a Kibiya, a cikinku yake.

Iyayenmu, mun san maganar aure na nan, ba mu kuma ce a fasa ba. Roƙonmu shi ne a sa karatu cikin sharuɗɗan tun ranar da aka zo neman aure, a gaban waliyyai, domin alkawarin da saurayi ya yi a zaure shi kaɗai ba ya da shaida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da aurenta da 'ya'yanta ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata.

Wadda Allah bai nufe ta da dogon karatu ba, ko wadda ke neman kuɗin fom, ƙunshi da kitso da ɗinki sana'o'i ne na sosai, da yawa daga cikinmu da su muke sayen littattafai. Sai dai a sami ɗan littafi a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ware uwar kuɗi daga riba, kada adashi ya tafi duka a ankon biki. Kuma kada mai ƙunshi ta sa wa 'yar mutane abin da ba ta san mene ne a cikinsa ba.

Saura magana ɗaya ga 'yan aji shida. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar zama ɗan ƙasa, watau NIN. Ku je ku yi tun yanzu, ku kuma tabbata sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a kowace takarda, domin wadda take A'isha a nan, Aishatu a can, takan sha wahalar gyara har lokacin rajista ya wuce. Bayan sallar la'asar za mu zauna a nan da duk wadda ta zo da sakamakonta, mu duba tare.