Digiri Tun Daga Shekarar Farko Ake Gina Shi

Wannan shi ne jawabin da wani malamin jami'a, ɗan Arewa wanda ya daɗe yana koyarwa a Kudu, ya yi a wani taro da aka kira a unguwar Sabo ta Ibadan domin yi wa yaran da suka sami shiga jami'o'i da kwalejoji nasiha kafin su tafi. An kawo shi nan ne saboda amfanin 'yan'uwa mazauna Agege, da Idi-Araba, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal, da sauran zangon Hausawa na Kudu. Bayan gaisuwa ga Sarkin Hausawa da limamai da dattawan unguwa, ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Duk gidan da aka sami yaron da zai shiga jami'a bana ya cancanci barka, domin ƙofar ba ta da faɗi. Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978 masu neman shiga suke ƙaruwa, har a 2024 kusan mutum miliyan biyu suka yi rajistar jarrabawarta. Amma fa shiga daban, fita da sakamako mai kyau daban. Yara da yawa da aka yi wa walima ranar tafiya sun komo gida bayan shekara ɗaya ko biyu ba tare da kome a hannu ba, kuma in aka bi diddigi za a tarar tun watanni huɗun farko abin ya lalace, ba wanda ya lura.

Abin ya fi zafi a kan 'ya'yan zango. An kafa Sabon Ibadan a 1916, goro da shanu suka raya shi. An buɗe Jami'ar Ibadan a 1948, tsakaninta da Sabo tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Magabata irin su Malam Adamu Ciroma da Farfesa Jibril Aminu sun taso takanas daga Arewa, bayan sun yi Kwalejin Barewa ta Zariya, suka yi karatu a cikinta suka fita da daraja, alhali kuwa yaran da aka haifa a bakin ƙofarta ba su cika shiga ba. Yau da Allah ya kawo lokacin da 'ya'yan zango ke shiga, galibinsu su ne na farko a gidajensu. Ba wa, ba ya, ba kawun da ya riga su taka hanyar balle ya gaya musu inda ramuka suke.

LISSAFIN MAKI

Ramin farko shi ne jahiltar yadda ake lissafin maki. A sakandare yaro yakan yi wasa shekara biyu, ya ɗaure ɗamara a ta ƙarshe, ya ci jarrabawa. A jami'a ba haka ba ne. Duk makin da ɗalibi ya samu tun daga zangon farko ana tara shi, ana fitar da matsakaicinsa, watau abin da ake kira CGPA, kuma da shi za a yanke darajar digiri ranar fita.

A yawancin jami'o'in ƙasar nan ma'aunin biyar ne. Wanda ya ci 70 ko fiye a wani kwas yana da maki 5. Daga 60 zuwa 69 maki 4, daga 50 zuwa 59 maki 3, daga 45 zuwa 49 maki 2, daga 40 zuwa 44 maki 1, ƙasa da 40 kuwa faɗuwa ce. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga matsakaicin 4.50. Daraja ta biyu babba tana farawa daga 3.50, ƙarama daga 2.40, daraja ta uku kuwa daga 1.50.

To, a ɗauki karatun shekara huɗu, a ce nauyin kwasa-kwasan kowace shekara ɗaya ne. Yaron da ya gama shekarar farko da 2.00, in yana son daraja ta biyu babba, tilas ya sami 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, a lokacin da karatun ya ƙara wuya. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce masa, domin ko da ya cinye makin duk kwasa-kwasan da suka saura, iyakarsa 4.25. Wanda kuma matsakaicinsa ya faɗi ƙasa da abin da jami'a ta ƙayyade, sai a ja masa kunne na shekara guda, in bai gyara ba a sallame shi ko a canza masa fanni. Kwas ɗin da aka faɗi ba ya ɓacewa. Sai an sake shi baɗi, a ɗora shi kan na baɗin, ga shi sifilin farko yana nan cikin lissafi. Kwalejojin fasaha da na horon malamai ma'auninsu ya ɗan bambanta, amma hukuncin ɗaya ne. Wannan shi ne ma'anar Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

TAKARDU DA RAJISTA

Rami na biyu takardu ne. Lalle yaro ya tabbata ya karɓi gurbinsa ta shafin JAMB na intanet, ya buga takardar shaidar ɗauka, domin wanda hukumar ba ta san da shi ba zai gamu da cikas ranar da ya zo tafiya bautar ƙasa. Sa'an nan a duba suna. Sau da yawa akan tarar Muhammadu a takardar sakandare, Mohammed a ta JAMB, wani rubutun kuma a katin ɗan ƙasa, ko ranar haihuwa ta saɓa. Abin da za a gyara cikin mako guda a shekarar farko yakan tsare mutum watanni a shekarar ƙarshe.

Akwai kuma takardar shaidar asalin jiha. Yaron da aka haifa a Sabo, uban ma nan aka haife shi, yakan tarar jihar da yake zaune ba ta lissafa shi cikin 'yan asalinta, ƙaramar hukumar kakanninsa a Kano ko Katsina ko Sakkwato kuma ba ta san fuskarsa ba. Da wannan takarda ake neman tallafin karatu na jiha. Wajibi ne uba ya kai ɗansa gida da kansa, ya gabatar da shi ga mai unguwa da dagaci, a yi takardar tun kafin a buɗe makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In an buɗe, a yi rajistar kwasa-kwasai cikin lokaci, a kai wa malamin da aka naɗa mai ba ajin shawara ya duba ya sa hannu, a adana kofen kowace takarda da kowane rasit. Kwas ɗin da ba a yi wa rajista ba, ko an rubuta jarrabawarsa ba a lissafa shi.

CIKIN AJI

A jami'a ba mai kaɗa ƙararrawa, ba mai bin ɗaki da bulala. Ajin shekarar farko yakan tara ɗaruruwan ɗalibai, malami ya yi laccarsa ya fita, wanda ke can baya ko muryarsa bai ji ba. Saboda haka sammako shi ne rabin karatu. Jami'o'i da yawa sun shar'anta halartar kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin a bar ɗalibi ya shiga jarrabawa, kuma kashi 30 ko 40 na makin kowane kwas daga gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin gida yake fitowa. Wanda ya raina waɗannan ya shiga ɗakin jarrabawa da ƙafa ɗaya.

Dabarar da ta fi kowace ita ce bitar laccar yau a yau, kafin a kwanta. Sa'a biyu kullum a laburare sun fi kwana uku ba barci ana gobe jarrabawa. A nemi tambayoyin shekarun baya, a haɗa kai da mutum uku ko huɗu masu himma, ko Yarabawa ne ko Ibo ko wace ƙabila. Ɗan zango yana da wata baiwa da ba kowa ke da ita ba, ya tashi da Hausa a gida, da Yarabanci ko Ibo a titi, da Ingilishin kasuwa. Sai dai Ingilishin kasuwa ba shi ne na takardar jarrabawa ba. Kwas ɗin Ingilishi da ake tilasta wa 'yan shekarar farko, wanda yara ke ɗauka abin wasa, shi ne wurin gyara wannan.

Kunya kuma ado ce a gaban surukai, amma a gaban allo asara ce. Yaron da aka tarbiyyantar da kada ya ɗaga ido gaban babba yakan zauna zango guda bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Malamai suna da ofis, a je da ladabi a tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ɗaliba kuwa ta tafi da abokiyarta, kuma duk malamin da ya nemi wani abu a bakin maki, a kai ƙararsa ga shugaban sashe, a kuma gaya wa iyaye.

ABOKAI DA KUƊI

Makonnin farko ne ake farautar sababbin ɗalibai. Wani zai zo da fara'a, ya biya kuɗin abinci, ya yi alkawarin kariya, ya gayyaci yaro wani taro da dare. Ta haka ƙungiyoyin asiri suke kamu, kuma shigarsu ta fi fitarsu sauƙi. Ba a manta da daren 10 ga Yuli, 1999 ba, sa'ad da 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi suka kashe ɗalibai biyar a jami'ar Ile-Ife. Ga ƙwaya, ga cacar waya wadda ke cinye kuɗin rajista cikin dare ɗaya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mai son jama'a ya nemi ƙungiyar da jami'a ta yi wa rajista, mai taro da rana a fili, ita ma kada ta ci lokacin lacca.

Batun kuɗi kuwa, jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista a 2023. A 2024 aka buɗe asusun ba ɗalibai rance, watau NELFUND, ga 'yan makarantun gwamnati. Ba ruwa a kan rancen, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, kuma sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa ake fara biya. Amma bashi bashi ne, a shiga da shawarar iyaye. Abin da aka ba yaro na zango ya kasa shi mako-mako, ya ware na littattafai da na mota tun ranar farko.

Yajin aikin malamai ma yakan zo. Na 2020 ya ɗauki kimanin wata tara, na 2022 wata takwas. In ya zo, kada a rufe littafi, domin da an janye akan matse zango a kira jarrabawa ba da jimawa ba.

KIRA GA IYAYE

Mafi nauyin jawabin nan kan iyaye yake. Ɗan Arewa da ya zo daga nesa yana kwana a makaranta, ba mai aikensa. Ɗan zango kuwa gida na kusa, sai ya zama shi ne mai jiran shago ranar da mota ta sauke kaya, shi ne mai rubuta lissafi, shi ne mai rakiyar baƙo tasha. Kowane aike lacca ɗaya ce ta tafi. Uban da ya biya kuɗin makaranta amma bai saki yaron daga shago ba, ya ba da dama ya karɓe da hagu. 'Ya mace ma haka, in girki da wanke-wanke da reno suka cinye safiyarta da marecenta.

Sa'an nan kada uba ya ce shi bai yi boko ba, don haka ba ruwansa. Mutumin da ke riƙe lissafin huhun goro ɗari a ka ba zai kasa gane lamba ɗaya tsakanin sifili da biyar ba. A ƙarshen kowane zango ya ce a nuna masa takardar sakamako, ya tambayi abu biyu: nawa ne matsakaicin, kuma akwai kwas ɗin da aka faɗi? In da matsala, a taru a nemi magani ba da zagi ba, domin tsoron faɗa ne ke sa yaro ya ɓoye faɗuwa har ta kai ga kora.

Da aka ba da damar tambaya, wani dattijo mai sayar da goro ya miƙe ya ce: "Allah ya gafarta Malam, ɗana guda ne mai iya lissafin shago. In na sake shi, wa zai riƙe mini?" Malamin ya amsa da cewa: "Baba, Allah ya ƙara girma. A ba shi Litinin zuwa Juma'a, ya ba shago Asabar da lokacin hutu, ya kuma koya wa ƙanensa rubuta lissafin kafin ya tafi. Yaron shago ana samunsa da lada, amma makin shekarar farko in ya wuce ba a sayo shi."

Daga ƙarshe malamin ya roƙi 'ya'yan unguwa da suka riga suka gama jami'a da kowannensu ya ɗauki sabon ɗalibi ɗaya ya riƙa bin sawunsa har ƙarshen shekara, ya kuma roƙi dattawa su sake kiran irin wannan taro bayan fitowar sakamakon zangon farko, kowane yaro ya zo da takardarsa a hannu. Nan take aka rubuta sunayen waɗanda suka ɗauki wannan nauyi, aka yi addu'a, taro ya watse.