Abin da ke Kwance Ƙarƙashin Tsohon Gidan Mai: Lacca ga Jama'ar Kilomita Biyar



A unguwa irin Kilomita Biyar, wadda ita ce cibiyar kasuwancin Bangui, fili ba ya zama babu mai so. Idan gidan mai ya rufe a bakin babban titi kamar Boganda ko Koudoukou, ɗan kasuwa shaguna yake hangowa, mai abinci kuma rumfa. Ni kuwa abin da nake so mu hango yana ƙarƙashin daɓen siminti: tankunan ƙarfe da bututun da aka binne. Maganata ita ce, kada a ɗora ko bulo ɗaya a irin wannan wuri sai an tono tankin, an auna ƙasar, an kuma auna ruwan rijiyoyin maƙwabta.

Rufewar gidan mai a ƙasar nan ba abin mamaki ba ne. Man da muke sha daga nesa yake zuwa: wani ta kogin Ubangi daga Kinshasa zuwa ma'ajiyar Kolongo lokacin da ruwa ya cika, wani kuma a tankoki ta hanyar Duwala da Garoua-Boulaï. Rikicin 2013 da 2014 ya tarwatsa dukiya, ya kori dubban mutane zuwa Chadi da Kamaru. An sha ƙarancin mai a 2022, sannan a Janairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 865 zuwa 1,300. A shekarar ce kuma kamfanin Total ya sayar da harkarsa ta ƙasar nan, gidajensa suka koma sunan Tamoil. Duk lokacin da famfo ya bushe, ciniki yakan koma hannun 'yan bumburutu da kwalabensu, tankin kuma a bar shi da guntun mai a gindinsa.

Wannan guntun man shi ne matsalar. Ƙarfen da ke binne a ƙasa mai danshi tsatsa yake yi, Bangui kuwa tana samun ruwan sama wajen milimita 1,500 a shekara, kuma a unguwanninmu ba a haƙa da nisa kafin a tarar da ruwa. Idan tanki ya huje, man yakan tsiyaye har ya hau kan ruwan ƙasa, ya bi shi zuwa rijiyar gidan da ruwan famfon SODECA bai isa ba. A cikin fetur akwai sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni a Nijeriya ya tarar da rijiyoyin da benzin ɗinsu ya ninka wannan ƙa'ida fiye da sau 900. Can malalar bututu ce, amma sinadarin ɗaya ne, hanyarsa zuwa tulu ma ɗaya ce. Tsohon gidan da ya yi aiki kafin 2006 kuma ya sayar da fetur mai dalma, dalma kuwa ba ta ruɓewa a ƙasa. Ga kuma haɗarin kusa: tankin da ake cewa babu komai cikinsa cike yake da tururin mai, tartsatsin mai walda ɗaya ya ishe shi.

Na san za a ce ƙasa mai fama da talauci da rashin tsaro tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Gaskiya ne aikin yana cin kuɗi, sai dai ba duka ne mai tsada ba. Lissafa gidajen man da suka rufe, zuƙe ragowar man, da hana haƙa rijiya ko kunna wuta a wurin, abu ne da magajin gari da masu unguwa za su iya farawa bana. Inda tono zai taɓa ginin maƙwabci, ana iya wanke tankin a cika shi da yashi ko kankare. Mai tsadar shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa, kuma akwai wanda ya riga mu samo dabara: tun 1986 Amurka ke cire kashi ɗaya bisa goma na senti a kowane galan na mai domin gyaran tankuna masu yoyo. Sefa ɗaya a kowace lita da ta shigo ƙasar nan ba za ta karya mai babur ba. Haka nan, ranar da gidan mai zai canja hannu, a rubuta a takardar ciniki wanda alhakin tankin ke wuyansa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: mai filin yana gudun hijira, takardunsa sun ƙone, wa ke da ikon taɓa masa wuri? Ina girmama wannan, domin mutanen unguwar nan sun san zafin a mamaye wa mutum gida yana raye. Amma zuƙe mai daga tanki ba ƙwace ba ne. A yi shi gaban shaidu, mai unguwa da limami su sa hannu, filin ya ci gaba da zama na mai shi har ya dawo. Kafin nan, a ba da hayarsa ga abin da ba ya buƙatar tono ko murhu, kamar wurin ajiye motocin kaya ko rumfar cajin waya da hasken rana, kuɗin hayar kuma a raba shi biyu: rabi a ajiye wa mai fili, rabi ya biya awon rijiyoyin da ke kewaye.