Rarar Sauti da Abin da Fiyano Ya Ɓoye

Tsirkiya idan aka danne ta a tsakiya, karkarwarta kan ninka. Tazarar da ke tsakanin sautukan biyu ita ce oktaf, biyu bisa ɗaya. Idan aka bar kashi biyu cikin uku na tsawonta yana kaɗawa, sai a sami tazarar biyar, uku bisa biyu.

Rigimar tana gaba. A hau tazarar biyar sau 12, a hau oktaf sau 7, ya kamata a sauka wuri ɗaya, amma ba a sauka. Hawan farko yana kaiwa 129.75, na biyu ya tsaya a 128 cif. Wannan rara ita ce kwamar Fisagoras, 531441 bisa 524288. A ma'aunin Alexander Ellis, wanda ya kasa oktaf senti 1200, girmanta senti 23.46 ne, kusan rubu'in tazarar maɓallai biyu maƙwabta a fiyano. Ba laifin maƙeri ba ne, ba kuma na makaɗi ba. Uku, ko sau nawa aka ninka ta da kanta, ba ta rabuwa biyu daidai, saboda haka har abada lissafin ba zai cika ba. Akwai wata rarar, 81 bisa 80, mai senti 21.51, bambancin su biyun bai kai senti 2 ba.

Duk wani tsarin saita sauti dabara ce ta ɓoye rarar nan, kamar tela da ke raba ragowar yadi cikin ɗinki. A 1523 Pietro Aaron na Italiya ya bayyana yadda ake rage wa tazarar biyar domin wata tazarar, wato tazarar uku, ta fito tas, sai dai tazara ɗaya kan lalace har ta ƙi sauraruwa. A 1584 Zhu Zaiyu na ƙasar Sin ya lissafa rabon oktaf gida 12 daidai wa daida, tsarin da fiyanon yau ke kai. A nan tazarar biyar ta zama senti 700 maimakon 702, ta uku kuwa ta kumbura daga 386 zuwa 400.

Masu kare fiyano kan ce kunne ya riga ya saba. Sabo ba hujja ba ne. Ba kowa ke bin tsarin fiyano ba: masanan Turkiyya suna kasa cikakken mataki ɗaya kwama tara, taron kiɗan Larabawa na Alƙahira a 1932 kuma ya watse ba a daidaita kan raba oktaf gida 24 ba.

Goge da kukuma ba su da maɓalli. Yatsa da kunne ke yanke hukunci. Ya kamata sassan koyar da kiɗa a jami'o'i su auna sautin goge da kukuma da senti kafin su rubuta shi, su kuma daina kiran duk abin da ya saɓa wa fiyano kuskure.