Shirun Mace Ba Ya Nufin Lafiya Lau Take

 Yau maganarmu a kan dukan mata ce, da abin da ya kamata alƙali ya sani kafin ya ce, "Yi haƙuri ki koma ɗakinki."

Mutanen Gezawa ba za su manta da shari'ar da aka fara a Babbar Kotun Jiha da ke garin a 2014 ba. Yarinya ce 'yar shekara 14 daga ƙasar Gaya, aka tuhume ta da sa gubar ɓera a abinci, mijinta da wasu mutum uku suka rasu, auren ko wata bai cika ba. A 2015 gwamnatin Kano ta janye ƙarar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. To amma kafin wannan rana, wa ya zaunar da yarinyar nan ya ji damuwarta?

Ita ba a tambaye ta ba, wasu kuma ko an tambaya ba sa faɗa. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 55 cikin 100 na matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Saboda haka idan alƙali ya ce, "Me ya hana ki kawo ƙara tun farko?" amsar tana nan: kunya, tsoro, da 'ya'ya. Wani binciken da aka buga a Amurka a 2008 ya gano cewa matar da mijinta ya taɓa shaƙe mata wuya, haɗarin ya kashe ta ya ninka kusan sau bakwai. Irin wannan ba a gaggauta mayar da ita da sunan sulhu.

Kuma ki sani, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu na Shari'a ke bi, idan cutarwa ta tabbata, alƙali na iya raba auren ba tare da kin mayar da sadaki ba. Wannan daban yake da hul'i. Har maganar da ta yaɗu a bakin maƙwabta ana karɓarta a matsayin shaida.

Don haka 'yar uwa, kada ki binne abin a ciki. Ki gaya wa waliyyinki. Ki nuna wa maƙwabciya raunin. Ki je asibiti, ki adana katin. Alƙali bai san gaibu ba, da hujja yake hukunci.